Ɓarawon da Ya Share Ɗaki

Ƙarfe uku da rabi na ranar Juma'a, cikin Oktoban 1998, aka kawo wa Sufeto Lam rahoto a caji ofis cewa an yi sata a wani bene da ke unguwar Xiaobei. Abin da aka sace kuwa kujera ce guda ɗaya.

Sufeto ya so ya yi tsaki, amma da ya ji baƙi ne Hausawa sai ya ɗauki hularsa. Duk wata rigimar baƙaƙen fata a unguwar shi ake tura wa, don ko da yake ɗan ƙasar ne, a Kano ya tashi, lokacin da ubansa ke aiki a wata masana'antar kwanuka a Bompai. Hausarsa idan ka ji ta daga bayan labule sai ka rantse ɗan Fagge ne.

A hawa na huɗu ya tarar da mai ƙarar, Barmo, mai zanen gine-gine, yana tsaye a tsakiyar ɗaki kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kujera ɗaya ce ta sa ka wannan zufa?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, shekara tara nake kanta."

Barmo ya yi bayani. A Denmark ya yi karatu, can ya koyi yadda ake lanƙwasa bayan kujera ya rungumi mutum, a saƙa mazauninta da igiyar takarda. Daga nan ya yi shekara uku a Japan, inda kafintoci ke haɗa katako da katako ba ƙusa ba gam, sai dai a sassaƙa baki ya shiga baki. Ya haɗa biyun a kujera ɗaya, kuma ita kaɗai ce a duniya. Ranar Litinin wani attajiri zai zo daga Osaka ya gan ta. In ta yi masa, za a buɗe wa Barmo masana'anta. In babu ita, shi ke nan.

"Yaushe ka bar ta?"

"Sha biyu da rabi, da zan tafi masallaci. Na dawo uku."

Sufeto ya duba kwaɗo, lafiyarsa ƙalau. Ya duba hoton kujerar a bango, ya buɗe hannuwansa ya gwada faɗin ƙofa.

"Wannan ba za ta fita ta nan ba."

"A ciki aka haɗa ta. Sai an zare wani ɗan tsinken katako da ke ɓoye a ƙarƙashin hannunta, sannan ta warware gida goma sha huɗu."

"Wa ya san wurin tsinken?"

"Ni, sai Baba Maidaji, kafintana. Hajiya Rekiya ta maƙota ma ta taɓa gani muna warwarewa."

Sufeto ya tsuguna ya shafa ƙasa, ya dubi yatsansa. Tas. Ya leƙa bayan ƙofa, ga tsintsiya a jingine, ga ɗan tarin ƙura an tattara a kusurwa. Gudumar katako tana rataye a mazauninta.

"Kai ka yi shara kafin ka fita?"

"A'a."

Shekara ashirin Sufeto yana bin ɓarayi. Ya ga wanda ya ci abincin masu gida, ya ga wanda ya yi barci a gadonsu har aka kama shi, amma mai ladabin yin shara bai taɓa gani ba sai yau.

Ana haka wani dattijo ya shigo da sallama, gajere, farin gemu, fensir mai faɗi maƙale a kunne. Barmo ya tare shi.

"Baba, an gama da mu."

"Innalillahi," in ji Maidaji. Ya zauna a kan wani guntun katako.

Shi ne babban almajirin mahaifin Barmo a rumfar kafintoci ta kasuwar Kurmi, shi ya goya Barmo yana yaro, shi kuma Barmo ya ɗauko daga Kano shekara biyu da suka wuce.

"Baba, ina ka yi Juma'a?" Sufeto ya tambaya.

"Inda kowa ya yi, Yallaɓai."

"Tare kuka tafi?"

"Na ce ya yi gaba, cikina ya ɗan motsa. Na samu sahun waje."

"Makullinka?"

Maidaji ya zaro shi daga aljihu, ɗaure da zare.

Barmo ya ɓata rai. "Yallaɓai, ka bar dattijon nan. In zargi ne gara ka zarge ni."

"Kai ma kana cikin lissafi, kada ka damu," in ji Sufeto, ya fita.

Shagon Hajiya Rekiya bango ɗaya ne ya raba su. 'Yar zangon Kumasi ce, tana tura takalma da jakunkuna gida. Ta tarbi Sufeto da fara'ar da ta yi yawa.

"Ni ban gani komi ba, Massa. Tun safe ina kasuwan Zhanxi Lu wurin masu takalma, yanzu-yanzu na shigo."

"A ƙafa kika fito daga tasi?"

"To da me zan fito?"

"Hajiya, ruwa ake yi tun azahar, bai ɗauke ba sai da na iso. Ga lemarki can a bushe, ga takalminki a bushe, ga mayafinki a bushe. Ko dai Zhanxi Lu ta koma cikin shagon nan?"

Fara'ar ta gudu. Hajiya ta ja kujera ta zauna, ta dafe ƙirji.

"Wallahi tsoro ne. Ni na kawo Lawban Gu wurin Barmo wata uku baya. Mai aikin katako ne a Shiling, shi ke mana kantocin jera jaka. Ya ga kujeran ya ce zai buga dubu irinsa, Barmo ya kore shi kamar kare. Yau da ana salla na leƙa taga, na ga motansa a ƙasa ana sa kwalaye. Na ce in na yi magana, ni za a ce."

"Wa ya sauko da kwalayen?"

"Direba ne ya ɗauka. Na ciki ban gan shi ba. Na dai ji ƙaran tsintsiya."

Washegari da safe Sufeto ya ɗauki Barmo da kurata biyu suka nufi Shiling. Garin kansa warin fata yake, ko'ina jakunkuna a rataye. Masana'antar Lawban Gu tana can ƙarshen wani layi, rumfar kwano ce mai ƙarar zarto.

"Meyo, meyo," in ji Lawban Gu, yana kaɗa hannu tun kafin a tambaye shi. Babu, babu.

Kurata suka yaye wani tamfol a bayan rumfa, sai ga abin da babu. Rabin kujerar a haɗe, rabi a zube. A inda hannun dama ya haɗu da baya an buga ƙusa mai inci uku, katakon ya tsage tsawon taƙi guda.

Barmo ya yi wani irin sauti, ya durƙusa. Mutum ne mai girman jiki, amma a lokacin sai ya ba Sufeto tausayi.

Lawban Gu ya sauko daga dokin musu. Ya ce shi dai an aiko masa da kwalaye, wanda ya aiko ya ce zai zo ranar Talata ya nuna wa yaransa yadda ake haɗawa. Shi kuma haƙuri ba halinsa ba ne. An yi wa kowane yanki alama, amma ba wanda ya iya karantawa, suka yi ta cusa wannan a wancan, da abin ya ƙi sai ya ce a kawo guduma.

"Sunan mutumin?"

Ya rantse bai riƙe ba, wai sunayen baƙi ba sa zama masa a kai.

Sufeto ya ɗauki ƙafa ɗaya ya juya. A cikin bakin da aka sassaƙa akwai rubutun fensir mai kauri, daga dama zuwa hagu. Ba ya karanta ajami, amma ya san shi tun yana yaro a allunan maƙwabta. Ya miƙa wa Barmo.

"Me aka rubuta?"

Barmo ya daɗe yana kallo. "Ƙafar gaba, ta hagu."

"Kai kake wannan alamar?"

"Ni lamba nake sa wa a takarda. Ban taɓa yarda a yi rubutu a jikinta ba."

"Ka san hannun da ya rubuta?"

"Ban sani ba."

Ya faɗa ne yana kallon ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Sufeto bai matsa masa ba. Ya sa aka tattara katakon, aka sa Lawban Gu a bayan mota.

Da la'asar suka koma Xiaobei. Maidaji na zaune inda suka bar shi jiya, yana wasa bakin wani ƙarfen sassaƙa. Sufeto ya ajiye masa farar takarda.

"Baba, doka ta ce kowa ya rubuta jawabinsa da hannunsa. Inda ka yi salla, da ƙarfe nawa."

"Ni ban yi boko ba, Yallaɓai."

"Rubuta da wanda ka iya."

Maidaji ya zaro fensirin kunnensa, ya yi bisimilla, ya fara daga dama. Layi biyu ya yi, Sufeto ya buɗe jaka ya ɗora ƙafar kujerar a gefen takardar. Kauri ɗaya, karkata ɗaya, har yadda yake jan wutsiyar harafi.

Dattijon ya dubi katakon, ya dubi tsagar da ke jikin hannun kujerar da kurtu ya shigo da shi. Fensirin ya faɗi.

"Ƙusa suka sa mata? Ƙusa? Na ce su jira ni! Na rubuta musu komai dalla-dalla!"

"Ka rubuta wa 'yan Shiling ajami, Baba," in ji Sufeto. "Ka kuma share ɗakin da ka yi wa sata."

"Shekara arba'in ban taɓa barin wurin aiki da datti ba."

Barmo ya matso. "Baba, me na yi maka? Kai ka goya ni. Da bakina na ce wa Yallaɓai ya zarge ni ya bar ka. Yau ma na yi ƙarya saboda kai."

Maidaji ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da wata 'yar ƙasida mai sheƙi, wadda aka buga don baƙon Osaka. Ta sha ninki har ta fara yagewa.

"Na kai wa wani ya karanta min. Ga sunanka. Ga sunan malaminka na Denmark, ga na Japan, har mai sayar mana da igiya an gode masa. Ni kuwa ga ni nan." Ya buɗe shafin tsakiya. Hoton hannuwa biyu ne riƙe da ƙarfen sassaƙa, an yanke daga wuyan hannu. "Baki goma sha tara na sassaƙa a kujerar nan, wata shida ina lalata katako kafin na gane. Ka sa aka yanke kaina daga hoton. Gu ya ce zai buga sunana da wuta a ƙarƙashin kowace ɗaya."

"Da ka faɗa min."

"In roƙi ɗan da na goya ya tuna da ni?"

Sufeto ya ga amana biyu aka ci a ɗakin nan, ɗaya ce kawai doka ta san da ita. Ya yi wa kurtu alama, aka fito da ankwa.

Barmo ya sha gabansa. "Yallaɓai, na janye ƙarar. Jibi mutumin zai zo. A duk ƙasar nan ba mai iya sake wannan hannun a kwana biyu sai shi."

"An riga an shigar da ita, ga Gu a tsare da kayan sata. Ta fi ƙarfina."

"To ka ara min shi zuwa Litinin."

Maidaji ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya miƙa wa kurtu hannuwansa.

"Ka ji ko, Yallaɓai? Har yanzu hannun yake so."

Aka sauka da shi. Barmo ya tsaya yana jin takunsu har ya ɓace, sannan ya ɗauki ƙarfen da dattijon ya gama wasawa, ya ɗora a kan sabon katako. Ya daɗe a haka, bai san ta inda ake farawa ba.