Mai Amsa Kiran Alhaji Babakura

Ana shirin kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Alhaji Babakura, a unguwar Hausari. 'Yarsa Sauda tana kwashe tuwo. Ta dubi ɗakin mahaifiyarta da yake rufe, ta yi wata irin dariya, ta zube ƙasa.

Alhaji ya tsufa a harkar wake da gero, babu direban babbar mota a Potiskum da bai san rumfarsa ba. Amma gidan da ya gina da ɗakuna rututu, shi kaɗai ya rage a ciki. 'Ya'ya maza sun watse, wani Kano wani Abuja, gaisuwa sai ta waya. Matarsa Meram, mahaifiyar Sauda, ta rasu bara. Sauda ce ta roƙi mijinta ta zo ta ɗan ɗebe wa tsohon kewa.

Jifa bai fasa ba, kullum da almuru. Sauda ta daina cin abinci, ta rame kamar kara, in ta buɗe baki muryar Meram ce ke fita. Da Alhaji ya ga za ta mutu a hannunsa, ya ɗauko Malam Muhammadu Lawan daga Ngojin.

Malam ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan aljanin da ke jikinta ya yi magana. Ya ce shi ba mugu ba ne, kiransa aka yi. Tun rasuwar Meram, in Alhaji ya dawo daga kasuwa sai ya tsaya ƙofar ɗakinta ya kira sunanta. Tausayi ya sa shi aljanin ya ari muryarta yana yi masa sannu da zuwa. Da yarinyar nan ta zo, kunya ta hana Alhaji kira, aka bar aljanin shi kaɗai. Kewa ce ta sa ya fara jifa, ya shiga jikin Sauda.

Malam ya juya. "Alhaji, ka san ba Meram ce ke amsa maka ba?"

"Na sani, Malam."

Aljanin ya ce zai saki Sauda, amma in ya tafi ya tafi ke nan, da shi da muryar. Alhaji ya daɗe yana kallon 'yarsa a kan tabarma.

"Ka tafi," ya ce. "Na gode."

Sauda ta yi atishawa, ta nemi ruwa da muryarta. Da ta warware mijinta ya zo ya ɗauke ta.

Yanzu in kowa ya kulle rumfa ya tafi, za ka tarar da Alhaji zaune a kan buhun gero, yana neman wanda zai ja da hira.