Satar Bulon Gwaji

Rahoton ya shigo ofis da safe, Sufeto bai ko gama duba takardun jiya ba. An yi sata a wurin da ake gina dogon benen nan na tsakiyar gari, wanda ke maƙwabtaka da babban zauren taro. Da ya tambayi abin da aka sace, Saje ya ce bulo ne.

"Mota nawa?"

"Guda shida, yallaɓai. Ƙanana. Wai kowanne bai kai ƙwallo girma ba."

Sufeto ya so ya tura kofur, sai shugabansa ya kira a waya ya ce kamfanin ba ƙarami ba ne, ya je da kansa. Cunkoso ya sa suka bar motar nesa suka ƙarasa a ƙafa, Saje yana ta mita cewa ɓarayin zamani sun lalace, sun bar akuya sun koma ɗaukar dutse.

Zauren taron faffaɗa ne, gabansa duk gilashi. Benen kuwa ya tashi a gefensa tsirara, hawa goma sha takwas, rodi sun yi cirko-cirko a samansa. Hannun injin ɗaga kaya yana shawagi, wani lokacin inuwarsa ta ratsa rufin zauren. Siririn titi ɗaya ne ya raba su.

Wakilin kamfanin ya tare su a ƙofa da waya a kowane hannu. Ya yi bayani yana tafiya. Duk ranar da aka zuba kankare, ana ɗiban kaɗan daga motar a cika ƙananan mazubai. In ya bushe sai a jiƙa bulon a tankin ruwa, bayan kwana bakwai a kai ɗakin gwaji, inji ya matse su har su fashe, a san ƙarfin abin da aka zuba. Yau ce ranar kai na ginshiƙan hawa na sama, kuma su ne suka ɓace.

Ya ce da sakamako ko babu, gobe da safe za a zuba rufi a kan ginshiƙan, don an riga an yi odar motoci. Ɓarawo kuma ba sai an wahala wajen nemansa ba. Manajar zauren taro ce, ta daɗe tana neman a tsayar musu da aiki.

Tankin yana cikin wata kwantena. Sufeto ya juya kwaɗon a hannunsa, bai ga alamar an taɓa shi da ƙarfe ba. A ciki ga ƙaramin janareta, ga injin huda bango, ba wanda ya ɗauka. Ya naɗe hannun riga ya zaro bulo ɗaya daga ruwan. An karce kwanan wata a bayansa da ƙusa. Na sauran ranaku duk suna nan, na Alhamis ɗin da ta wuce ne kaɗai babu.

"Wa ke riƙe makulli?"

Wata matashiya ta matso, farar hular kwanonta ta ɗan yi mata yawa. Ita ce injiniyar da ke ɗiban gwajin. Ta ce makullin bai taɓa barin jakarta ba. Da Sufeto ya nuna mata kwaɗon, sai ta ce wataƙila jiya ta manta ba ta kulle ba. Ruwan tankin take kallo tana magana.

Wani dattijo mai faɗin kafaɗa ya jawo wa Sufeto kujera, shi ma da farar hula. Shi ne shugaban leburorin wurin, kowa Baba Siminti yake ce masa. Ya roƙi a bi yarinyar a hankali, 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa ta tashi tun rasuwar uwarta, har yanzu kuma a can take. Ya ce shi ya koya mata bambancin yashin rafi da na kwata kafin jami'a ta ba ta takarda. Aikin ranar Alhamis kuwa lafiya lau aka yi shi, aka tashi.

"Haka ne, Injiniya?"

"Yadda Kawu ya faɗa."

Sufeto bai zauna a kujerar ba. Ya tsallaka titi.

A cikin zauren ana jera kujeru, gobe likitoci za su cika shi. Manajar tana tsaye a kan dandamali tana faɗa da masu gyaran lasifika. Da ta ji zargin da ake mata sai ta yi dariya, ta shafa bayan wata kujera ta nuna masa ƙurar da ta kwaso a yatsa. Ta ce wannan ita ce gaisuwar maƙwabtanta kullum, ban da guntun katakon da ya taɓa faɗo mata a rufi ana tsakiyar jawabi. Amma ita ko ƙofarsu ba ta taɓa takawa ba, ba ta kuma taɓa hana su komai ba.

Saje ya yi tari, ya nuna shingayen ƙarfe da aka jingine a bakin ƙofa, ya tambaya ko su ma na ado ne.

Manajar ta gyara zaman tabarau. Ta ce in akwai manyan baƙi takan rufe titin, da izini. Ranar Alhamis an yi taron 'yan kasuwa. Da yamma aka shirya buɗe taron, sai aka dawo da shi safe, ita kuma a cikin hidima ba ta aika wa masu ginin ba.

"Har zuwa yaushe titin ya zauna a rufe?"

"Har bayan azahar."

"Me ya tsaya a bayan shingen?"

"Motocinsu na kankare masu juya ciki, guda uku. Har cikin zaure ana jin gurnaninsu, sai da na sa aka ƙara lasifika."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Shugabansa ne yake tambaya ko an kama wani. Ya ce tukuna, ya kashe. Kafin ya kai titi wakilin kamfanin ma ya kira da tambaya iri ɗaya.

Sufeto ya sami ɗaya daga cikin direbobin a bayan ginin yana wanke bakin motarsa. Direban ya rantse cewa ranar Alhamis a kan lokaci ya sauke. Sufeto ya ce to su je zaure ya maimaita a gaban manaja. Nan direban ya kashe famfo, ya goge hannu a wando.

Ya ce kankare ba ya jira. In ya daɗe a cikin mota, ko tana juyawa, sai ya fara kamawa, kuma ƙa'ida ita ce a mayar da shi a zubar. Su sun kwashe rabin yini a rana. Da aka buɗe titi, abin ya yi taurin da injin tura shi sama ya ƙi ja. Ya ce a bar shi ya koma da kayansa, sai wani ya hau bayan motar da tiyo ya sakar mata ruwa har kwaɓin ya saki. Haka aka yi wa sauran biyun.

"Me ruwan yake yi masa?"

"Yana sa shi gudu, yallaɓai. Ƙarfin ne dai yake tafiya."

"Wa ya hau?"

"Ina cikin mota, ta madubi na gani. Hular dai fara ce."

Leburori rawaya suke sawa. Farar hula biyu Sufeto ya gani a wurin tun safe.

Mai gadin ƙofa ya ce ba wanda ya fita da kaya, jiya ko yau, kuma bulon ba abin sawa a aljihu ba ne. Ke nan suna ciki. Sufeto ya zaga tarin yashi, ya leƙa durom-durom, ya sa aka ɗaga tulin katako. Ya hau hawa uku ya sauko. Rana ta take, ƙarar guduma ta hana shi tunani, wayarsa kuma tana ta motsi a aljihu bai ɗauka ba.

Ƙishirwa ta kai shi famfon da leburori ke wanke hannu. Yana takawa ya ji ƙasa ta ɗan ba da kai. Ya duba, sai ga shatin takalminsa a kan sabon daɓen kankare, mai faɗin tabarma, an shafe shi sumul.

Leburorin da ke cin abinci a inuwa suka kwashe da dariya, suka ce ya ɓata wa Baba aiki. Da sassafe suka zo suka tarar ya kwaɓa da kansa yana shafewa, wai caɓalin wurin ya ishe shi. Ɗayansu ya ce rabon da su ga Baba da cokalin gini a hannu tun suna hawa na biyu, har sun yi masa tafi.

Sufeto ya ce a kawo diga.

Daɓen bai gama kamawa ba, bai ba da wahala ba. Bulo na farko ya fito da kwanan watan Alhamis a bayansa, sauran suka biyo. Saje ya ɗauko na wata ranar daga tanki ya ajiye kusa da su. Ya buga masa guduma, ta yi tsalle. Ya buga wa na Alhamis, gefensa ya zube kamar busasshen burodi.

Dariyar leburorin ta tsaya. Wasu suka ɗaga kai suna kallon saman ginin, inda suka yini a ƙarƙashin ginshiƙan, da rufin zauren da ke ƙasa da su.

Kafin Sufeto ya buɗe baki, Injiniya ta ratso mutane. Ta ce ita ce. Ita ta sa ruwan, ita ta kwashe bulon, Kawu daɓe kawai ya yi bai san abin da ke ƙasa ba. Ta riƙe igiyar hularta da hannu biyu.

Sufeto ya tambaye ta wa ya ɗibi gwajin ranar Alhamis, ta ce ita. Daga wace mota? Ta ƙarshe. Kafin a sa ruwa ko bayan an sa? Bai jira amsarta ba. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya lalata abu, ya ɗibi shaida a kan kansa da hannunsa, sannan ya dawo ya sace ta ba. Amma tunda ta amsa, shi ba zai yi mata gardama ba. Ya gaya mata a fili cewa daga yau ba za ta sake sa hannu a kan ginin kowa ba, ko da kotu ta sassauta. Sannan ya ce wa Saje ya kawo ankwa.

Saje ya ciro ta a hankali, yana kallon wani wajen. Injiniya ta miƙa hannu.

"Mayar da hannunki," in ji Baba Siminti.

"Kawu, ka bari."

"Na ce ki mayar. Ban kai ki makaranta don wannan ba."

Ya cire hularsa ya ajiye a kan baro. Ya ce shi ya yi odar motocin safe bai leƙa zaure ya tambaya ba, abin da bai taɓa mantawa da yi ba sai ranar. Da an zubar da mota uku, da a ranar kamfani ya sallame shi, dama ana ta raɗe-raɗin ya tsufa. Shekaru yana gina gidaje masu hawa ɗaya da biyu, ya sha sa tiyo a kwaɓi, ko ɗaya bai faɗi ba. Ya ɗauka nan ma haka ne.

Ya ce ya roƙe ta ta cika mazuban daga ragowar kwaɓi mai kyau, ta ƙi, ta ɗiba daga wanda aka zuba, yana tsaye yana kallo. Sati guda suna cin abinci a ɗaki ɗaya ba mai duban idon wani. Yau da asuba ya ɗauki makullin a jakarta, ya mayar kafin ta gama shiri.

"Ka san gobe za a ɗora rufi a kansu?" in ji Sufeto. "Ka san zauren can zai cika?"

"Na sani. Ina ta ce wa kaina za su ɗauka."

Wakilin kamfanin ya juya baya, yana gaya wa wani a waya a dakatar da motocin gobe. Saje ya sa wa dattijon ankwa ta gaba, bai matse ba. Leburori suka dare suka ba su hanya.

A bakin ƙofa Baba Siminti ya tsaya, ya waiwayo. Injiniya tana biye da su, ba ta matso sosai ba.

"Ba duka ginshiƙan ba ne," ya ce mata. "Layin gabas ne, masu kallon zaure, da biyu na kusa da matakala. Su za ki fasa. Kada ki bar kowa ya ce miki a yi musu faci."

"To, Kawu."

"Ki tokare su yau, kafin a tashi."

Ta tsaya har suka sha kwana. Sannan ta koma ciki, ta ce a sauko da kowa daga sama, a kawo mata jan fentin sa alama da duk ƙarfen tokara da ke sito.