Tabon Igiya

"Tashi mana, Kalilu! Don Allah tashi!"

Saude ta durƙusa bakin zaure tana kuka. Shi ko ya juya fuska ga bango, guntun ƙafarsa naɗe da tsumma. Wata bakwai ke nan da rijiya ta rufta da shi a Gangara, anka yanke ƙafar.

"Tafi abinki... mi za ki yi da rabin mutum?"

"Wannan maganar Babana ce, ba tawa ba. Haba masoyina, da hannu ake haƙa, ba da ƙafa ba!"

Shekarar nan ruwan sama ya ƙi, rijiyoyi sunka ƙafe, shanu na faɗuwa bakin hanya. Saude ta yi ta zarya gidan Malami, babban mahaƙan Sabon Birni, har ya gaji da ita.

"To ɗiyata, in na ba shi aiki, wa za shi riƙe mashi igiya? Mutanena sun ce ba su jan gurgu."

"Ni za ni riƙe, Baba."

Ta ko riƙe. Kwana goma sha ɗaya tana zura shi cikin sabuwar rijiya, tana jawo gugan ƙasa. Mata na dariya. Yayanta Lawwali ya mare ta gaban jama'a. Tafin hannunta ya tsage, ta shafa man kaɗe ta koma.

Ran Alhamis murya ta taso daga can ƙasa.

"Saude! Laima! Wallahi laima!"

Allah mai iko. Sunan Kalilu ya kai Isa, ya kai Gatawa. Ya yi sandar hammata, ƙarti huɗu na riƙe mashi igiya. Baban Saude da bakinshi ya ce Kalilu ya turo magabata.

Shiru. Wata biyu shiru.

Ta tare shi kasuwar Isa, yana cikin sabuwar riga.

"Fadima ta Gatawa za ni aura," in ji shi, idonshi ƙasa.

"Kalilu... mi na yi maka?"

"Alheri. Amma kin gan ni ina jan gindi, kin ji kukana. Duk na dube ki sai in tuna. Ita a tsaye ta san ni."

Ba ta zage shi ba. Innalillahi kawai ta ce, ta gyara mayafi.

Har yau rijiyar nan take ɗibar ruwa, don babu wata. Igiyar guga na sauka daidai kan tabon tafin hannunta. Sai ta yi bisimilla, ta ja.