Dokin Da Ya Sauya Hali

Wata yarinya ce ke ba dokin babanta ruwa da ciyawa kafin ta tafi makaranta. Dandaƙaƙƙen doki ne mai sanyin hali, tana ji da shi ƙwarai.

Da maƙwabcinsu ya sayo goɗiya, sai dokin ya birkice. Ya yi ta haniniya, yana tono ƙasa da kofato. Wata safiya ya cafki jakar yarinyar, ya yaga ta.

"Kai, mugu!" in ji ta. "Ni da ke ciyar da kai?"

Ranta ya ɓaci sosai. Ta ɗauko bulala ta zabga masa. Washegari ma ta ƙara, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Duka bai gyara komai ba. Dokin ya tsinke igiya, ya faɗa wa shingen waya, ya yanke ƙafa.

Baba ya zo ya ga jini, ya ga shatin bulala. Ya fusata.

"Wa ya dake shi?"

"Ni ce, Baba."

"Da izinin wa? Kin gan ni ina dukansa? To, tunda ya zama abin tsoro, sayar da shi zan yi!"

Ta fashe da kuka. "Baba, don Allah kar ka sayar. Sai ya hango goɗiyar can yake yin haka."

"Dandaƙaƙƙe? Me ya haɗa shi da goɗiya? Shi ne kika yi shiru?"

Baba ya kira likitar dabbobi. Ta ɗinke ƙafar, ta ɗebi jininsa ta gwada.

"Ba mugunta ba ce," in ji likitar. "Lokacin dandaƙa, ɗaya daga cikin marainansa ya maƙale a ciki, ba a same shi ba. Shi ke sa shi yin halin ingarma. Aiki za a yi a cire."

Kunya ta kama yarinyar, ta kasa ɗaga kai.

Aka yi aikin, a hankali dokin ya natsu. Amma da yarinyar ta matso sai ya ja da baya. Abin ya yi mata ciwo. Kullum takan tsaya nesa da ciyawa a hannu, har ran da ya tako da kansa ya ci.

"Ba za a sayar ba," in ji Baba. "Amma ki riƙe wannan. In dabba ta sauya hali, ki gaya wa manya a nemi dalili. Bulala ba ta warkar da ciwo."