Majiyyaci Mai Suna Kan Kabewa

Ranar Litinin da safe Manaja ya banko ƙofar ofis, yana ɗaga waya sama kamar ta ƙona shi.

"An sace mana manhaja! Wani kamfani ya fitar da ita jiya!"

Wata takwas su huɗu suna rubuta wannan manhaja ta bin layin asibiti, saura kwana uku su fitar da ita. Anti Gwaji, wadda aikinta gano kurakurai kafin jama'a su gano, ta karɓi wayar ta hau latsawa. Launi aka sauya kawai. A shafin koyarwa ta yi turus. Sunan majiyyacin misali Kan Kabewa!

Ita ta ƙirƙiri sunan. Kowane ma'aikaci akwai sunan bogi daban da ta saka a kwafinsa na gwaji, don ta san inda kuskure ya fito.

"Ranka ya daɗe, ba ni awa ɗaya."

Ta fara da Mai Zane, mai tsara hotunan manhajar.

"Ƙanwata, kina da kwafi?"

"Ni? Hotuna kaɗai nake iya buɗewa, Anti. Duba ki gani."

Ta duba, haka ne. Ta wuce teburin Dogo, wanda ke zaune da jajayen idanu da kwalbar jarirai a aljihun jaka.

"Kan Kabewa a kwafinka yake. Da sunanka aka kwashe komai ranar Alhamis, sha ɗaya da kwata."

Dogo ya miƙe zumbur har kujera ta kife. "Alhamis ai ina asibiti, matata na naƙuda! Ke ma kin kira ni kin yi barka!"

"Wa ka ba kalmar sirrinka?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya Gwani. Cewa ya yi zai ƙarasa min aikina."

Gwani, babbansu a aikin, wanda ya koya wa kowa, bai ko ɗago daga allonsa ba.

"Na karɓa, na gyara masa layi biyu, na fita. Laifi ne taimako?"

"Ba laifi ba ne, Yaya." Ta juyo masa da kwamfutarta, Manaja da sauran suka matso. "Ga rajistar shiga. Sunan na Dogo ne, amma na'urar lamba huɗu ce, taka. Layi biyu ka gyara, gaskiya ne. Minti shida bayan haka aka kwashe manhajar gaba ɗaya zuwa filashi. Ka ɗauki kwafinsa ne don in ta fashe, shi za a kama."

Gwani ya cire tabarau. "Shugabancin sashe suka yi min alkawari a wancan kamfanin. Shekara tara ina nan a kujera ɗaya."

Anti Gwaji ta ce, "Shi ne ka zaɓi ranar da Dogo yake ƙofar ɗakin haihuwa?"

Manaja ya kira lauya da 'yan sanda, ya karɓe katin shigarsa.

Dogo ya ɗaga kujerarsa. "Anti, na gode."

"Godiya daga baya. Sauya kalmar sirrin nan ina kallo. Yau za mu fitar da tamu, ba gata ba!"

Mai Zane ta riga ta jawo kujera gaban kwamfuta.