Ɗigo na Tara a Taswirar Bekzat

Bekzat ya san dajin Betpak-dala daga sama tun kafin ya taka shi. Aikinsa ke nan a Karaganda: tauraron ɗan'adam ya aiko hoton ƙasa, na'ura ta rina kowane dutse da launinsa. Inda tagulla ta kwanta, yumɓun da ke kanta ja wur yake fitowa. Shekara shida yana wannan kallo, amma har yau in hoton ya buɗe sai tsigar jikinsa ta tashi.

Jajayen ɗigo tara ya fito dubawa. Ya taka takwas, a hanyar na tara motarsa ta yi zafi kusa da wata rijiya, inda wata budurwa ke shayar da dawakai.

"Aga, wa ya aiko ka nan?" ta tambaye shi, da kiran da ake yi wa yaya.

"Tauraro."

"Bai ce ka riƙo ruwa ba? Zo ka sha shayi."

Kunsulu ce, malamar makaranta, 'yar tsoho Saparbek. Dokar aikin Bekzat ɗaya ce: kada ka sa hannu a kan wurin da ba ka taka ba. Ranar nan kofi bakwai ya sha, ya koma ya rubuta "a haƙa" a kan ɗigo na tara. Maza sun yi asarar abin da ya fi wannan a kan shayi, kuma ba su yi nadama ba sai da mai dafawar ta rasu.

Saƙonni suka fara.

"Janym, raina, yau na hango rufin gidanku daga sama. Ƙasar Kazakh gaba ɗaya a gabana, shi kaɗai nake kallo."

"To sauko, ɗan tauraro. Masu kallo daga ƙasa sun yi yawa."

Ba wasa take ba. Likitan dabbobin ƙauyensu ma yana sonta, kuma shi ya riga kowa kai wa tsoho labarin turakun da kamfanin Bekzat ya kafa a kan tudun ɗigo na tara.

Ranar da Bekzat ya zo neman aure, Saparbek bai ba shi wurin zama ba. Doki ya ba shi. Suka hau tudun, sai ga ƙubbobi na jan bulo a jere, iska tana kuka a cikinsu. Makabarta ce. Jan bulon ne na'urar ta gani, ba yumɓun da ke kan tagulla ba.

"Kakannina bakwai ke nan," in ji tsoho. "Mai shirin huda su ba zai auri jikarsu ba."

Bekzat ya sauka, ya tumɓuke turakun da hannunsa. Ya koma Karaganda ya rubuta cewa bai taɓa taka wurin ba. Aka soke haƙar, aka dakatar da shi.

Kunsulu ta aiko: "Ba aikinka nake so ba, wawana. Dawo."

Ya dawo, ya durƙusa gaban tsohon. "Ata, babanmu, tambaya ɗaya. Ina maginan ƙubbobin suka ɗebo yumɓun?"

Tsoho ya ce: "Yau ka tambayi mutum?"

Tafiyar yini guda suka yi zuwa wani kwazazzabo da rairayi ya rufe wa baki, inda idon tauraro bai kai. Bangonsa ja, an ratsa shi da kore da shuɗi kamar an zubo sama a cikin dutse. Ga tagullar nan. Bekzat ya dafa shi, bakinsa ya kasa komai sai tasbihi.

Da kaka aka ɗaura aure. Aka kawo kan rago gaban Saparbek, ya yanko kunnen, rabon yara don su riƙa jin magana, ya miƙa wa ango.

"Ci, ɗana. Ido kam kana da shi har a sama." Ya ɗaga tafukansa. "Allah ya kafa turakun gidanku inda ba mai tumɓukewa."

Kunsulu ta shafa addu'a tana dariya a ƙarƙashin mayafi.