Aguwar da Baba Ya Matsar

"Idan ƙafarki ta taka ofishin ƙungiyar nan taku yau, Muhsina, kada ki sake ce mini Baba."

Ina tsaye bakin zaure, mai kabu-kabun da zai kai ni Dungas yana jirana a waje.

"Baba, kwana uku ke nan Safwan yana tsare..."

"Shanunsa suka cinye mini hatsi."

"A cikin burtali, Baba."

Ya ɗago ya dube ni. Ya san na sani.

Farkon damina na kai masa fura gona, na iske shi da Dalhatu, ɗan ƙaninsa, suna sare aguwar da ta shinge hanyar shanu. Suka dasa rassan taku goma cikin burtali, suka shuka gero a filin da suka ci. Da Safwan ya biyo da garkensu ta hanyar da kakanninsa suke bi, Dalhatu ne ya ruga wurin jandarma. Ba hatsin ne ya dame shi ba, ni yake so, ni kuwa ko ganin hularsa ba na son yi.

Safwan nake so tun muna makarantar lise a Magarya. Shekara biyu yana nemana, shekara biyu Baba yana cewa ƴarsa ba za ta bi bayan saniya ba.

Na sa takalmina, na fita.

A ƙungiyarmu ta matasa masu kare haƙƙin ɗan Adam, ni ce mai bakin magana. Ƙauyukan Mallawa kaf na zaga ina koya wa mutane cewa ba a tsare mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ashe faɗin ya fi yin sauƙi.

Madam Saratou, shugabarmu, ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye alƙalaminta.

"Ƙanwata, ba ma aiki da soyayya. Kina da hujja?"

"Ina da ita."

"A kan wa za ta faɗa?"

"A kan mahaifina."

Ita ta nemo mana izinin ganin Safwan. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma da ya gan ni sai da ya yi murmushi.

"Hasken raina, me ya kawo ki nan?"

"Gobe jandarma za su je duba gona. Zan faɗi abin da na gani."

Murmushin ya ɗauke.

"A'a, Muhsina. Kada ki tsinka mahaifinki gaban jama'a saboda ni. Zan jure."

"Idan aka wuce da kai kotu fa?"

"Sai in jure can ma. Amma in kika yi wannan, ba zai taɓa ba ni ke ba..."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai.

"Ko da ba sonka nake ba, Safwan, ai na gani."

Washegari da hantsi gona ta cika: jandarma biyu, mai gari, Madam Saratou da littafinta, da Baba tsaye can gefe. Dalhatu sai kai da kawo yake kamar shi ya kira taron.

"Ga aguwa nan, kowa yana gani. Nan ce iyaka tun fil azal."

Na kutsa cikin geron ina ƙirga taku. Dalhatu malalaci ne, sara ya iya, tono kuwa wahala ne a wurinsa. Kututturan tsohuwar aguwar suna nan, sun sha ruwan damina sun toho.

Na karya toho ɗaya, farin ruwansa ya ɗiga a yatsana.

"Ga ta nan. Ga wata. Ku bi layin, har bakin tabki ya kai."

Mai gari ya duƙa ya duba, ya daɗe bai miƙe ba, sannan ya juya ga Baba.

"Malam Hambali, wa ya matsar da shingen nan?"

Dalhatu ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ni ne."

Bai dube ni ba. Da la'asar aka saki Safwan.

Wata biyu Baba bai amsa gaisuwata ba. Abincin da na dafa ma sai Inna ta ce nata ne kafin ya ci. Na yi kuka har na gaji, na hana Safwan kirana, don jin muryarsa ƙara mini ciwo yake.

Ranar da aka yi shelar sakin gonaki ga dabbobi, ina shara a tsakar gida sai na ji inuwa a kaina.

"Ke."

Tsintsiyar ta kusa faɗuwa daga hannuna.

"Na'am... Baba."

Na jira ya hana ni sunan. Bai hana ba.

"Gonata tana son taki. Ki aika wa yaron nan, bana shanunsu a wurina za su kwana."

Ya juya zai shiga ɗaki, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kuma ya daina laɓe-laɓe a bayan gari. In da gaske yake, ya turo manyansa ranar Juma'a."